Hoton Baba a Durƙushe

Da ana dawo da rana, da na roƙi a dawo mini da safiyar wata Babbar Sallah a tsakiyar shekarun casa'in. Ina ɗan shekara goma sha uku, muna zaune a ƙasar waje, muna haya a bene kusa da titin Wendover Avenue. Mama na suyar nama a kicin, ni kuma an sa ni gyara falo don baƙi na tafe.

Baba yana aiki ne a wani ƙaramin kamfani mai shirya tallan kujeru da gadaje na talabijin. Masu wannan sana'a suna da mujallarsu, ba a sayar da ita a kanti, kamfanoni kawai ake aika wa. Baba ya san ta tun tana 'yar siririya baƙi da fari, har ta yi kauri ta koma mai launi da sheƙi. A watan nan aka buga hoton ma'aikatansu, maigidansa ya bar masa guda ɗayan da aka aiko. Ga Baba a durƙushe, tsumma a hannu, yana goge ƙafar tebur don ta ɗauki hasken fitila. Shi abin alfahari ya gani. Ni kuwa na riga na faɗa wa 'ya'yan Dakta Sani, malamin jami'ar da zai kawo mana iyalinsa, cewa babana ne darakta.

Na cusa mujallar cikin ledar shara, na sauka na jefa a babban akwatin zuba shara da ke wajen ajiye motoci.

Bayan an ci abinci, Baba ya ce wa Dakta yana da abin nuna masa. Ya ɗaga matasan kujera, ya leƙa bayan talabijin. Sai idonsa ya faɗa kan tiren nama da takardun da Mama ta saba shimfiɗawa su tsotse mai. A gaban baƙi ya ce, "Hajiya, har da hotona aka tsane nama?" Aka yi dariya, shi bai yi ba. Ashe Mama ta ga fitata da leda tun da safe. Ta dube ni sau ɗaya, ta ce, "A yi haƙuri, Malam, ban lura ba."

Yau na yi furfura. Mujallar ta daina fita a takarda, na nemi fitowar nan har na gaji. Baba ya rasu yana ganin laifin Mama ne, ita kuma ba ta taɓa tayar da zancen ba. Ina roƙonku, kada ku ji kunyar guiwar da ta durƙusa ta ciyar da ku.