Lallen da Na Sa Aka Yi wa Inna

Shekarun baya, lokacin da aka ce duk layin wayar da ba a haɗa da lambar katin ɗan ƙasa ba za a rufe shi, mahaifiyata ta daina cin abinci sosai. Yayana ya tafi neman arziki ta hamada, shekara huɗu ba labari, kuma lambarta kaɗai ya haddace. In aka rufe layin, ta ina zai same mu?

Ni kuwa, uwar iyayi, da na ji za a ɗauke ta hoto don yi mata katin sai na kira mai lalle har gidanmu a Kwaciri. Na ce, "Inna, katin nan har abada ne, ai sai ki fito fes." Aka yi mata dungulmi, yatsu suka kama baƙi ƙirin.

Washegari muka bi layi a wani ofishi a Sabon Gari tun hantsi. Da aka zo kanmu, na'urar ɗaukar zanen yatsu ta ƙi karanta yatsunta. Ma'aikacin ya goge gilashin, ya sake dannawa, shiru.

"Hajiya, lallen nan ne. Sai ya fita za ki dawo."

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Hoton ma ashe fuska kawai ake ɗauka!

Wata 'yar kudu mai sayar da kayan miya da ke bayanmu ta dafa ta, ta ce, "Mama, lemon tsami da ruwan ɗumi, safe da yamma."

Har yanzu ina ganin Inna a tsakar gida da la'asar, hannuwanta cikin kwano, wayar a kan cinyarta, idonta a can nesa. Ko sau ɗaya ba ta yi mini faɗa ba. Wani lokacin sai ta yi murmushi ita kaɗai, ta ce, "Yanzu ƙila ya yi gemu."

Sai a zuwa na uku na'urar ta karɓa. Aka haɗa layin.

Damina biyu suka wuce kafin wata baƙuwar lamba ta shigo. Ina tankaɗe na ji ta ce, "Wa ke magana?" Sai ta zauna a ƙasa.

Yau yayana yana da rumfa a Kantin Kwari, yana tsokanata da "mai lalle". Ina dariya, amma ƙanshin lemon tsami har gobe yana karya mini zuciya. Inna kuwa ba ta sake ƙunshi ba sai ranar da ya dawo.