Saudatu Mai Wankin Kwalaben Cheras

Kowace Talata da Asabar, wajen ƙarfe tara na safe, wata ƙaramar motar ɗaukar kaya tana tsayawa a bayan wani dogon bene a unguwar Cheras, a ƙasar Malesiya. Direbanta Abdulgani ɗan Malesiya ne, sana'arsa tattara kwali da gwangwani da kwalabe daga shaguna. Kafin ya kashe mota, Malama Saudatu ta riga ta sauko daga hawa na tara da bokiti biyu da safar hannu ta roba. Takan ɗauki kwalba ta ɗaga ta saitin rana, ta shafa bakinta da yatsa ko akwai tsaga. Wadda ta yi mata ta shiga bokiti, wadda ba ta yi ba ta koma mota. Shekara goma sha ɗaya tana haka. A ƙarshen watan nan aikin mijinta, Dakta Abdulwahidu, zai ƙare a jami'ar da yake koyarwa, za su koma Gusau.

Gara a faɗi asalin kwalaben tun yanzu, domin ita ma ba ta taɓa ɓoye shi ba. Na giya ne, irin wadda ƙananan kamfanoni ke haɗawa, ana sayar da ita a wasu shagunan birnin. Manya ne, biyu sun haura lita ɗaya, kuma gilashinsu yana da kauri. Matanmu masu zobo da kunun aya sun gwada roba, zafi ya lanƙwasa ta. Sun gwada sababbin kwalaben kasuwa, suka tarar sirara ne, ba sa jure ruwan zafi. Waɗannan kuwa ana ɗura musu zobo da ɗuminsa, a sa a firji, a kai taro, su dawo lafiya.

Wankin Saudatu kwana uku yake ɗauka. Ranar farko jiƙo ne a ruwan zafi har takardar jikin kwalbar ta saki, ta kankare gam ɗin da bayan cokali. Rana ta biyu buroshi da sabulu da ɗauraya, sannan ta kife su a baranda. Murfin asali ba ta ajiye shi, ta ce wari a cikin robarsa yake zama. In sun bushe sai ta toshe su da sabon murfi ta bar su kwana guda, washegari ta buɗe ta shinshina. Wadda ta tsallake wannan, sai ta ɗaura mata koren zare a wuya.

Wata rana ina gidan, maƙwabciyarta Daso ta tsaya tana kallonta ta ce, "Anti, hancin nan naki ya kamata a ba shi digiri. Ya fi Dakta aiki."

"Shi takardun ɗalibai yake dubawa, ni abin da za su sha," in ji Saudatu, ba ta ko ɗago ba. "Riƙe wannan, mayar da ita bokiti. Da saura."

Zaren yana da tarihi. A ƙasan benen akwai surau, ƙaramin masallacin mazauna gidan, inda ake buɗe-baki tare da azumi. Malayu 'yan ƙasar ke tafiyar da shi, kuma sun ba 'yan Najeriya wuri a shimfiɗar buɗe-bakin, suna kawo zobo da ƙosai. A azumin Saudatu na biyu a ƙasar, wata amarya mai suna Bashira, wadda ba ta fi mako uku da sauka ba, ta tsinci wata kyakkyawar kwalba a wurin zuba shara. Takardar jikinta zanen lemo ne da tsauni, ta ɗauka ta ruwan 'ya'yan itace ce. Ta wanke ta tsaf, ta ɗura zobo, ta ajiye a gaban masu azumi da takardar a jiki.

Kak Rohana (Kak, wato Yaya a yarensu), wadda ke kula da kicin ɗin surau, ita ta ɗaga kwalbar ta karanta, ta ga ta giya ce. Waɗanda suke wurin sun ce ba ta ɗaga murya ba. Ta kwashe duk abin shan da 'yan Najeriya suka kawo ta jera a waje, washegari kuma aka sanar cewa a dakata da kawo abinci daga gidajensu.

Abin da ke shirin suɓucewa ba zobo ba ne. A wannan shimfiɗar ce matanmu suka san maƙwabtansu, a nan ake samun mai raka mace asibiti in miji yana makaranta, a nan yara ke karatun yamma. Mazan sun zauna sun shawarta rubuta takardar ban haƙuri da Turanci. Saudatu ba ta jira takardar ba. Ta gayyaci Kak Rohana da mata biyu na kwamiti zuwa kicin ɗinta, ta nuna musu bahon jiƙo da kwalaben da ke kife, ta faɗa musu inda suke fitowa. Sannan ta miƙa wa Kak Rohana guda ɗaya.

"Kak, shinshina."

Ta shinshina, ta juya ta, ta duba gindinta. Ta ce, "Boleh," wato ya yi. "Amma wadda ba ta bi ta hannunki ba, kada ta shigo surau. Kuma kada in sake ganin suna a jikin ko ɗaya."

Saudatu ta amsa. Ba ta ambaci sunan Bashira a zaman ba, kuma Bashira ce da kanta ta ba ni labarin. Daga ranar duk mai kai abin sha surau, ko suna, ko walimar kammala karatu, wurin Saudatu take karɓar kwalba mai koren zare ta kuma mayar. Ba wanda ya naɗa ta, ba kuma albashi.

Ke ce, Saudatu, kika tsaya a kan bahon nan har fatar hannunki ta canza. Ke ce kika ɗauki kuskuren wata kika mai da shi aikinki. Uwar tsafta, mai cika magana.

Shekaru huɗu da suka wuce kwalaben suka fara ƙaranci. Da can Abdulgani yakan kawo talatin a zuwa ɗaya, yanzu biyu ko uku, wata rana babu. Ban binciki alƙaluman masana'antar ba, abin da na gani shi ne bayan motarsa, wanda buhunan gwangwani suka cike. Shi ga bayaninsa:

"Kak Sauda, ba laifina ba ne. Masu shago sun ce babbar kwalba sai ta yi wata uku a kan kanta ba a taɓa ta ba. Mai saye so yake ya ɗanɗana kala huɗu, ba ya son zama da ƙatuwa guda. Gwangwani ba nauyi, ba ya fashewa a hanya, haske ba ya shiga. Kamfanonin duk can suka koma."

Ba wanda zai yi kukan kwalbar giya a cikinmu. Sai dai tsakanin fashewa da waɗanda aka kai taro ba su dawo ba, kwalabe ɗari da sittin da take da su sun koma talatin da takwas. Buɗe-baki ɗaya yana cin goma sha biyu, wanki kuma kwana uku ne, ga sauran hidindimu.

Ana saura mako biyu azumin bana, Abdulgani ya zo da murna, ya sauke akwati mai kwalabe ashirin da huɗu, manya, masu kauri, ko ƙwarzane babu. Matsalarsu ɗaya: sunan kamfanin a cikin gilashin aka ƙera shi, ba a takarda ba. Matan suka taru a kansu.

Daso ta ce, "Anti, in an wanke ai tsarki ya samu. Wa zai tsaya karanta gilashi ana jiran kiran salla?"

"Ban ce ba za su tsarkaka ba. Na ce sunan yana jiki, soso ba ya goge shi."

"To mu naɗe su da kyalle mana."

"In naɗe wa matar da ta yarda da ni shekara goma? Daso, ke dai zobonki kike tunani." Ta juya ga Abdulgani. "Ɗauke su, na gode."

A ranar ta sauka wurin Kak Rohana ta faɗa mata halin da ake ciki: kwalaben da suka cika sharaɗi sun kusa ƙarewa, ba ta da hanyar samun wasu, kuma ba za ta kawo masu suna ba. In ya zama dole, a rage zobon zuwa Juma'a kawai. Kak Rohana ta ce za ta kai maganar kwamiti. Bayan kwana biyu ta hau hawa na tara da kanta, ta ajiye mabuɗin kicin ɗin surau a kan tebur. Daga yanzu, ta ce, a dafa zobon a can, a tukunyarsu, a zuba a manyan randunan shayinsu. Kafin wannan, ba a taɓa ba wani baƙon ƙasa mabuɗin ba. Da labarin tafiyar Saudatu ya fito, kwamitin ya aiko cewa mabuɗin zai ci gaba da zama a hannun matan Najeriya, su zaɓi wadda za ta riƙe.

Malama Saudatu, mun gode. Allah Ya kai ku Gusau lafiya, Ya saka miki da abin da ba mu iya biya ba. Ga masu zuwa ƙasar nan karatu ko rakiyar miji kuma, za ku tarar ana gaishe ku a bene kafin a san sunanku, ku sani wata ce ta yi aikin. Akwai irinsa da yawa da ba mai yi. A ranar Asabar matan za su zauna zaɓen mai riƙe mabuɗi, kuma har zuwa rubuta wannan, mutum biyu kacal suka ba da sunansu.