Ungozomar da Ta Hana Maroƙi Kiranta Likita

Kafin matan Kanya Babba su gama dama koko, Malama Martina ta riga ta share ɗakin shan magani, ta tafasa allurai, ta shimfiɗa wa masu awon ciki tabarma a inuwa. Haka take tun shekarar samun 'yancin kai, ga shi bana za ta ajiye aiki. Ungozomar gwamnati ce, rabin yaran garin nan a hannunta suka fara kuka.

Tun da kuɗin man fetur suka shigo, kowa ya zama dakta. Mai kyamis ya kafa allo, mai lasifika yana zaga kasuwar Babura da kwalba ɗaya wai maganin kowace cuta. Ita kuwa ko sunanta babu a ƙofa.

Ranar sunan ɗan Tasalla, Haladu maroƙi ya hango ta, ya ware murya: "Likitar likitoci! Ta Ingila, allura ɗaya ciwo ya gudu!"

Ta ɗaga hannu. "Haladu, wace Ingila? A Kano na yi karatu. Ungozoma ce ni, ba likita ba."

"Haba Mama, ado ne kawai na baki!"

"Adon naka zai sa mace ta zauna jirana alhali tiyata take buƙata. Ka ce mai karɓar haihuwa, ka ci goronka."

Mata suka yi ta dariya, Haladu ya gyara kirari.

Da daminar bara naƙudar Saude ta yi tsawo, jaririya ta zo a gicciye. Mijinta Sama'ilu ya kafe: "Mama, ke muka sani, ba inda za mu."

"Wannan ya fi ƙarfina, ɗana. Nemo mota yanzu."

Ta shiga motar da su har asibitin Kazaure, tana riƙe da hannun Saude, likita ya yi aiki. Yarinyar, Uwa, yau ga ta nan tana tatata, tana jan zanen duk wadda ta gifta.

Mama Martina, ke ce ba ki taɓa ƙara wa kanki abin da ba ki karanta ba, shi ya sa in kin ce "zan iya" muke samun natsuwa. Mun gode, Allah ya ba ki hutu mai daɗi.

Ku kuma masu tasowa a aikin lafiya, ku yi koyi da ita. Ku faɗa mana iyakar abin da kuka iya, don da 'ya'yanmu a goye muke zuwa.