Babur ɗin da Aka Sassauta wa Inna

A shekarun farko na mulkin soja, ina makarantar horon malamai, babu abin da ya kai babur ɗin Baba ƙara a unguwarmu ta Didawure, a Sokode. Baƙi ne, mai faɗin tanki, idan ya faɗi sai ƙarti biyu sun taru kafin ya tashi. Baba ya saye shi a hannun wani Bature mai aikin hanya da ya koma ƙasarsu bayan samun 'yancin kai. Fataucin shanu Baba yake yi, da wannan babur yake bin kasuwanni har Kambole, buhun gishirin dabbobi ɗaure a bayansa. Ina son ƙararsa da safe, mai zurfi, a hankali, kamar ana daka a wani gida can nesa.

Inna ba ta taɓa hawansa ba. Tun haihuwar autanmu bayanta ya lalace. Zuwanta na ƙarshe Dapaong, garin iyayenta can arewa, a kamiyo ta tafi, wato babbar motar nan mai bencin katako, ta dawo ta kwanta har ganyen mangwaronmu ya sake. Daga nan ba ta ƙara ganin mahaifiyarta ba.

A hutun ƙarshen damina wani mai shanu da ya sauko daga arewa ya kawo labarin cewa Kaka ta daina fita ko tsakar gida, kullum 'yarta take tambaya. Inna ta zauna bakin murhu, wuta ta mutu a gabanta ba ta sani ba.

"Ni zan kai ki," in ji Baba.

"A kan wannan baƙin sa naka, Malam? Gara ka ce in hau turmi."

"Zan mai da shi katifa. Ki zuba ido."

A ƙarƙashin kujerar baya akwai sifirin biyu, dama da hagu, kowanne da zobe mai haƙora a gindinsa. Idan aka murɗa zoben sama, sifirin ya yi tauri. Idan aka sauko da shi, ya yi laushi. Saboda buhunan gishiri, Baba ya daɗe da ɗaure nasa har ƙarshe. Ya fito da wata sifana mai ƙugiya, ya shimfiɗa buhu a ƙofar gida, ya cire sifirin ɗin duka biyu. Ya wanke su da kananzir, ya sauya robobin da suka tsage, ya kai wa bakanike ya zuba musu sabon mai. Ni ce mai riƙe masa kusoshi a murfin kwano. Hannuna ya yi warin kananzir har kwanaki, ban kuwa yi gaggawar wanke shi ba.

Sai maganar gwaji ta taso. Inna ta ce ko kusa ba za ta hau bayan mijinta ta zaga unguwa ba, malamai na zaune a ƙofar masallaci, matan gari na leƙe ta katanga. Ranar tafiya ma sai an fita bayan gari za ta hau. Baba ya juyo ya dube ni. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana.

"Uwata, ke ce Innarki yau. Hau."

Na zauna a gicciye kamar yadda mata ke zama, ƙafafuna biyu a gefe ɗaya, ya ɗora mini kwanon ruwa a cinya. Ya ce duk abin da ya zube, bayan Inna ne ya ji shi. Zagayen farko na jiƙe har zane. Ya tsaya, ya sauko da zoben haƙori ɗaya, muka sake. Haka muka yi ta yi a hanyar Awda, yamma tana sauka a kan gonakin doya, ni ina dariya, shi yana ce mini in riƙe kwano in daina kallon tsuntsaye. Da zoben ya kai ƙasa gaba ɗaya, babur ya koma kamar kwalekwale a ruwa mai kwanciya. Na dawo gida da ruwana kusan cike. Baba ya ɗauki kwanon ya kai wa Inna har ɗaki ya nuna mata.

Babu wanda ya tuna cewa ni a lokacin siririya ce kamar karan dawa, Inna kuwa ta ninka ni. Kuma babu wanda ya tuna da maƙwabta.

A wurinmu, wanda zai yi tafiya ba ya tafiya shi kaɗai. Kusan kowane gida a unguwar yana da ɗan'uwa a arewa. Da safen tafiya mata suka fara sallama. Wannan ta kawo ƙullin goro a kai wa ƙanenta, waccan doya manya-manya a kai wa surukarta, wata garin rogo, wata kwalbar manja, wata tsohuwa har da tukunyar ƙarfe ta auren jikarta. Kowacce a hannun Inna take sawa, ta ce amana. Ga kuma tsarabar Inna ta kanta, don ba a zuwa gidan uwa hannu sake.

An riga an shirya ni zan bi su a kamiyo idan ta cika da rana, sai na ce a bar mini kayan.

"Ni aka ba," in ji Inna. "In na miƙa wa yarinya a gaban masu shi, me na ce musu ke nan?"

Baba ya dubi tulin kayan, ya dubi matan da ke tsaye suna masa addu'a, ya ji nauyin buɗe baki. Ya ɗaure komai a baya da gefe da igiyar roba. Inna ta taka da ƙafa zuwa bayan gari, muka raka ta, ta hau tana rufe fuska da gyale. Na ga bayan babur ya durƙusa, amma na ɗauka haka laushi yake.

Kamiyonmu ta tashi bayan azahar. A hawan duwatsun Alejo, kafin Bafilo, na hango baƙin babur a jingine ƙarƙashin wata ɗorawa. Na buga jikin motar ina kiran direba har ya tsaya.

Inna tana kwance a kan gyalenta, idonta a rufe, leɓenta ya bushe. Baba na tsugune kusa da ita, hularsa a hannu. Ban taɓa ganin kansa ba hula a waje ba.

"Komawa za mu yi," ya ce mini. "Na sassauta shi har ƙarshe, babu sauran abin sassautawa. Ban san me zan ƙara ba."

Inna ta buɗe ido. "Ba zan koma ba, Malam. Ko da rarrafe."

"To ina ne yake miki?"

Daga baya ta gaya mini tun fitarsu Sokode take ji, amma ta tuna wahalar da ya sha da murnar da ya shigo mata ɗaki da kwanon ruwa, ta kasa faɗa.

"Duk ramin da muka faɗa, ƙarfe nake ji yana dukan ƙarfe a ƙarƙashina," ta ce. "Ka tuna gadon igiyarmu na farko, da igiyar ta saki? Laushi gare shi, amma a ƙasa muke kwana."

Baba ya miƙe ya danna bayan babur da hannu. Sifirin ɗin sun riga sun matse saboda nauyi, ba su da sauran wurin motsi. Ya daɗe yana kallonsu.

"Ashe da na sassauta miki, ɗaure miki ya kamata in yi."

"Alhaji, mu fa Mango muke son kwana!" direba ya ɗaga murya. "In gyaran aure ne, a yi shi a gida!"

Fasinjoji suka fashe da dariya, har Inna ta murmusa a kwance. Baba ya ce masa ya yi wa Allah ya ba shi ɗan lokaci. Ya zaro sifanar mai ƙugiya, ya murɗa zoben dama sama, ya murɗa na hagu daidai da shi, ya tsaya a tsakiya. Sannan ya ce Inna ta hau a gwada. Wannan karon ba ta ce komai a kan idon mutane ba. Na kama ta ta tashi, ta zauna, babur ya ɗan sauka ya tsaya, da sauran numfashi a cikinsa. Ya ƙara haƙori ɗaya.

Saura kaya. Inna ta kira ni, ta sa aka kwance su, ta riƙa ɗaukar kowane ƙulli da hannunta tana sawa a nawa, tana faɗin mai shi da wanda za a kai wa, ta sa wata dattijuwa a cikin motar ta zama shaida. Tukunyar auren kaɗai ta ce a bari a bayanta, don mai ita tsohuwa ce, ba za ta iya kallon idonta ba. Baba ya ɗaure tukunya.

Mu muka riga su isa. Sun kwana a Mango gidan wani abokin fataucin Baba, mu ma a garin muka kwana, amma direba ya tashe mu tun asuba. Dapaong fili ce, sama ta fi ta Sokode faɗi, gero ya yi tsawo har bakin gidaje. Na sami Kaka a kan tabarma, ta ƙanƙance kamar yarinya, idanunta sun yi fari. Ta shafa fuskata ta ce, "Ba ke ba ce. Ina uwarki?" Na ce tana hanya. Bayan ɗan lokaci ta sake tambaya, na sake faɗa. Ban gaya mata yadda na bar ta a ƙarƙashin ɗorawa ba. Na zauna ina yi mata fifita, zuciyata tana can kan hanya tana faɗawa kowane rami.

Da la'asar yaran gidan suka kwasa a guje zuwa waje. Na fita. Inna ce ke saukowa, hannunta ɗaya a kafaɗar Baba, jar ƙasa ta rufe ta har gira. Na miƙa hannu in tallafe ta, ta ce in matsa. Ta gyara ɗaurin zanenta, ta tako a hankali da ƙafarta, ta sunkuya ta shiga ƙofar ɗakin, ta durƙusa har ƙasa kamar yadda ake gaida uwa.

Kaka ta laluba ta kamo kanta, ta riƙe shi a ƙirjinta.

"Kin yi ƙiba," ta ce.

"Na yi, Inna," in ji Innata, tana dariya tana kuka. "A hanya ma an gaya mini."