Gwaggo Kulu da Wakilcin Masu Kallabi

Duk wanda ya san Gwaggo Kulu a Kaura Namoda ya san ba a cewa "a madadin jama'a" a gabanta. Kana faɗa za ta ɗaga lemarta, ta ce, "Dakata! Wa yaz zaɓe ka?" Ta yi wa maroƙi a gidan suna, ta yi wa kansila, wallahi har rediyo na ga ta yi wa, kuma ta tsaya jiran amsa.

Ƙanwar mahaifina ce, tsohuwar malamar firamare, ita ta haɗa ƙungiyar mata masu man gyaɗa da ƙuliƙuli daga Kaura har Shinkafi da Zurmi. Sunan babanta na ci, saboda haka "Babana" take ce mini.

Bayan an ba mu jiha, shari'a ta kankama, ina aiki a wani shagon kwamfuta a Gusau inda ake aika saƙo ta intanet. Wata rana sai ga ta, ta sauko daga motar mata tana haki.

"Babana, na ji a rediyo za a yi taron duniya kan wanda za shi riƙe intanet. Wai gwamnatoci, kamfunna, da ƙungiyoyin farar hula. To mu masu kallabi hwa?"

Na ce, "Gwaggo, farar hula ai ƙungiyoyin jama'a ne, irin taku."

"To mi ya hana su ce haka nan? Kira min mai intanet ɗin."

Na ce ba mutum ɗaya ke da ita ba, sai dai akwai wani kwamiti a ƙasar waje da ke raba sunaye da adireshi. Ina rufe baki lema ta tashi, har ta kusa tsone idon wani baƙo.

Ta sa na buga mata gaisuwa zuwa ga masu shirya taron share fage da za a yi a Abuja: "Muna maraba da baƙi." Kwamfutarmu ba ta da harafi mai lanƙwasa, sai ya fito "baki". Ta gyara tabarau.

"Bakin wa? Na ƙare ƙuruciyata ina koya ma yara lanƙwasag ga, ƙarfe shi zo shi miƙe min ita? Ashe tafiya ta kama ni!"

Amma ta ce ba za ta je da sunan kowa ba sai an zaɓe ta. Ta zagaya Dauran da Banga da Shinkafi tana tambayar mata abin da suke so a faɗa, sannan ta tara su a Kasuwar Daji. Kowa ya ce ita ce. Ta ce wannan ba zaɓe ba ne, sai da abokiyar takara. Ta tilasta wa aminiyarta Inna Hajo ta tsaya, har Gwaggo da kanta ta hau turmi tana yabon haƙurin Hajo da riƙon amanarta. Kai jama'a! Yabon ya yi kyau har mata suka fara komawa layin Hajo. Gwaggo ta duba, ta sauko da sauri.

"Ke Hajo, hwaɗa musu mota na sa ki amai!"

Da ƙyar ta tsira da kujerar.

Ni na raka ta Abuja, da fanteka cike da ƙuliƙuli, don ta ce ba za ta ci abincin otel da ba ta san wadda ta dafa ba. A zauren taro manya suna gaba, mu 'yan ƙungiyoyi aka jera mu can baya, aka ce mu 'yan kallo ne. Ta ɗaga hannu, ta sake ɗagawa, ba wanda ya waiwayo. Sai ta buɗe fanteka ta fara miƙawa layi-layi. Kun dai san ƙuliƙulin Gwaggo, sai mai haƙori. Kafin a jima zaure ya ɗauki ƙurus-ƙurus, shugaban taro ba ya jin ko muryar kansa. Ya tambayi daga ina wannan ya fito. Aka nuna ta. Ya yi dariya, ya ce a ba Hajiya lasifika.

Ta iya Turanci sarai, amma da Hausa ta yi, ina fassarawa. Ta ce matan da suka aiko ta suna son haruffansu su shiga na'ura, suna son su san farashin mai a manyan kasuwanni kafin dillali ya iso, kuma duk wanda ya tafi da sunansu ya dawo ya gaya musu abin da aka yi. Da na tsallake wata kalma, ta zungure ni: "Babana, ban ce haka ba!" Ranar na ji tafin da ban taɓa ji ba.

Ba ita aka ɗauka zuwa babban taron a ƙasar waje ba, wata matashiyar lauya ce. Gwaggo ta riƙe mata hannu sai da ta yi alkawarin dawowa ta gaya wa mata abin da aka yi. Kuma ta cika. Ta zo har Kasuwar Daji, ta zauna a tabarma, ta ce an ba ƙungiyoyi damar magana amma ba a ba su ƙuri'a ba. Gwaggo ta kwashe da dariya.

"Magana kaɗai? Sun yi kuskure. Da ita muka cin kasuwa!"

Ranar da ta rasu, tun kafin a gama wanka mata suka cika gidanmu, wasu a ƙafa suka zo daga ƙauyuka. Inna Hajo na kuka tana cewa ba ta da abokiyar faɗa kuma. Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yafe mata kurakuranta, ya haskaka makwancinta, ya sada mu da ita a Aljanna. Amin.