Igiyar da nake ja a tsaye

Shekarun baya, ban daɗe da zuwa Madina ba, ina aikin gashin ƙashi a wata cibiyar kula da mata masu naƙasa a Ƙuba. Cibiyar yini ce, a kawo su da safe, a zo a ɗauke su bayan la'asar. Aikina kam hannuna ya san shi. Abin da ban sani ba, ashe akwai wani aikin a bayansa wanda ba a koya mana a makaranta ba.

Wata Lahadi mudirarmu, wato shugabar cibiyar, ta tara mu ta ce lasisinmu ya kusa ƙarewa, masu bincike za su zo nan da mako uku. In ba su gamsu ba, sai rufewa. Ta dube ni ta ce, "Ke ce mai kyan rubutu, ke za ki riƙe fayil-fayil." Ni kuma da rawar kan sabon shiga na ce tayyib, wato to, har da murmushi. Da na san abin da na amsa, da na ce yatsana ke ciwo.

Jama'a, na ga takarda. Kowace mace da fayil ɗinta, kowane fayil da tsarin kulawa, kowane tsari da sa hannun waliyyi. Ga takardar sanyin firjin magani, safe da yamma. Ga ta tukunyar kashe gobara. Ga wadda ke nuna an horar da mu, ga kuma wata da ke nuna an duba waccan. Na kai rabi ke nan aka aiko da sabon fom. Na jera shi da tsohon ina neman bambanci, ashe gurbin kwanan wata ne kawai ya tashi daga sama ya koma ƙasa. Haka na sake su kaf. Wani waliyyin a Uhudu yake, sau uku ina kiransa kafin ya zo, da ya zo kuma ya rattaba hannu a gurbin likita.

Cikin matan da nake gasawa akwai wata dattijuwa da muke ce wa Hajiya. Tun tana yarinya iyayenta suka zo da ita ƙasar nan, ta yi aure, ta aurar, duk da Larabci. Da shanyewar ɓarin jiki ta same ta, Larabcin ya gudu, Hausar ƙuruciya kaɗai ta rage mata. Don haka mu biyu ne kawai muke jin maganarta, ni da abokiyar aikina, Bahaushiyar Sudan, wadda ke kai su banɗaki tana ba su abinci.

A makonnin nan gashin Hajiya na rabin awa ya koma na minti goma. Wata rana na shigo da biro a baki, ta bi ni da ido ta ce, "Likita, yau ma takardar ce ba ta da lafiya?"

Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, don kar a rufe mana wurin ne."

Ta ce, "To, Allah ya ba ta sauƙi. Mu ma jira."

Ranar binciken mun turara ko'ina, ga gahawa ga dabino. Fayil-fayil na jere a kanta kamar kayan ɗakin amarya, ni kuma ina tsaye gefe ina jiran yabo. Mata biyu suka zo. Ƙaramar ta zauna kan takardu. Babbar ko kallon kantar ba ta yi ba, ta ce a ba ta keken guragu. Ta tattare abayarta ta zauna, ta tura kanta har banɗaki, muna biye da ita zugui-zugui.

A banɗakin akwai wata jar igiya, wadda in mutum ya faɗi zai ja ƙararrawa ta yi ƙara. Mai shara takan naɗe ta a jikin bututu daga sama don kar ta jiƙe. Matar nan ta miƙa hannu daga kan keken, ba ta kai ba. Ta ƙara miƙewa, ba ta kai ba. Sai ta ce a kawo takardar duba igiyar. Aka kawo. Sa hannuna ne reras, kowace safiya: tana aiki.

Kuma wallahi ba ƙarya na rubuta ba. Kullum sai na ja ta, kullum sai ta yi ƙara. A tsaye nake ja, da tsawona da ƙafafuna biyu.

Ina neman abin cewa sai ga muryar Hajiya daga bakin ƙofa, ashe ta biyo mu a kekenta. Ta ce, "Ai ran da na zame a nan, ina kallon igiyar nan tana kallona. Sai da na yi ta dukan bokiti da sandata kafin 'yar nan ta jiyo ni."

Abokiyar aikina ta sunkuyar da kai. Ni ban taɓa jin zancen faɗuwar nan ba, kuma na san babu ita a fayil ko ɗaya, tunda ni na rubuta su. Mai binciken ta juyo ta ce mini, "Me take cewa?"

Mudira ta kafe ni da ido. Ba ta jin Hausa, amma ta ga fuskokinmu. Da na ce gaisuwa take yi, ba mai ƙaryata ni. Kalmar har ta zo bakina. Sai na ga Hajiya ta zuba mini ido tana jira, matar da ba ta da wani baki a ɗakin nan sai nawa. Na fassara, har da bokitin.

Bayan sun tafi na ja abokiyar aikina gefe, raina a ɓace. Na ce, "Haba 'yar'uwa, mace ta faɗi ki yi shiru?"

Ta ce, "Ya ukhti, 'yar'uwata, roƙona ta yi. Ta ce in ɗanta ya ji zai hana ta zuwa, ta koma zaman ɗaki ita kaɗai. Na duba ta, ba ta ji ciwo ba. Da ke ce, me za ki yi?"

Na sake ta, na koma kan fayil-fayil ɗina.

Rahoto ya fito, an ba mu wata guda mu gyara. Abin da ya fi ƙona mini rai, laifi uku aka rubuta a jere: igiya, faɗuwar da ba a rubuta ba, da kuma rashin hatimin cibiya a bayan fayil-fayil. Layi ɗaya, lamba ɗaya bayan ɗaya, kamar duk nauyinsu guda! Kwance igiyar bai ɗauki abokiyar aikina minti ɗaya ba. Takardun da za su tabbatar an kwance ta, da hoto, da sa hannun mutum uku, sai da suka ci mini kwana tara. Mudira kuwa ta yi mako ba ta amsa gaisuwata sai da kai.

Dole aka sanar da ɗan Hajiya. Ya zo yana faɗa, ya ce ta gama zuwa. Kwana huɗu kujerarta ba kowa, ni kuma ina ta cin kaina, ina cewa ga abin da gaskiyata ta jawo mata. A na biyar sai ga ta. Ashe ƙin cin abinci ta yi har ya sauko. Da masu binciken suka dawo, babbar ta sake hawa keken, ta ja igiyar, ƙara ta cika gidan. Aka sabunta mana lasisi.

Har yau in an ce bincike na tafe sai na ji kaina ya fara sarawa, kuma har gobe ina nan kan bakana cewa yawancin takardun nan ɓata lokacin marasa lafiya ne. Haushin da nake ji shi ne ba zan iya cewa duka ba. Yanzu duk abin da aka ba ni in duba, sai na zauna daɓas a ƙasa na miƙa hannu tukuna. Sababbin ma'aikata kan leƙo su gan ni zaune a tayil ɗin banɗaki da farar rigata, su tambaya ko lafiya. Nakan ce lafiya lau, aiki nake.