Shekarar da Babbar Ta Faɗi Jarrabawa

Cikin duk abin da na gani a renon 'yan biyuna, akwai rana ɗaya da ba za ta fita daga raina ba har in koma ga Allah.

Lokacin muna gidan haya a unguwar Nima. Ni ina sayar da waakye, wato shinkafa da wake, a bakin titi, babansu yana harkar kayan gyaran mota a Abossey Okai. Yaran mata ne, kamanninsu ɗaya, amma kowace da irin kanta. Babbar, sau ɗaya ake gaya mata abu ta riƙe. Ƙaramar kuwa sai ta yi mako tana fama da darasi guda, yau ta kama, gobe ya kufce. Sai dai in ka shigo gida da damuwa, ko murmushi kake yi, ita ce za ta gane ta zo ta zauna kusa da kai.

Suna firamare malamarsu ta gargaɗe ni cewa in ƙaramar ba ta ci jarrabawar ƙarshen shekara ba, za ta maimaita aji. A gabansu aka yi maganar.

Bayan jarrabawa sai ga malamar har wurin sana'ata.

"Mma, ƙaramar ba ta ci ba, wannan mun zata. Amma babbar ma ta faɗi, har a lissafi. Lafiyarta ƙalau kuwa?"

Na rufe tukunya na nufi gida. Ina ta tunanin ko wani ciwo ne ya shiga kan yarinyar. Na zaunar da su a ɗaki na tambayi babbar. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Tambayoyin ne da wuya, Mma."

"Ba haka ba ne, Mma," in ji ƙaramar a hankali. "Da gangan ta yi, don kada a raba mu."

"Wa ya gaya miki?"

"Babu kowa. Ita in ta kasa tambaya ɗaya ma ba ta cin abinci. Ranar jarrabawar kuwa har ƙari ta nema."

Babbar ta fashe da kuka. "In na wuce, wa zai zauna kusa da ita? Dariya za su riƙa yi mata."

Ban san ko duka zan yi ko runguma ba. Ƙaramar ce ta matsa ta share wa 'yar'uwarta hawaye da bakin hijabinta.

"Ki wuce, Yaya," ta ce. "In kin tsaya, wa zai koya mini karatun gaba? Ni a hankali nake tafiya, amma ina tafiya."

Washegari na je makaranta na yi bayani. Malamar ta sake yi wa babbar jarrabawa, ta ci ta wuce. Ƙaramar ta maimaita ajinta. Kullum da safe sukan tsallake gadar babbar kwatar unguwarmu hannu cikin hannu, sai a ƙofar aji su rabu. Makon farko babbar ce ke kuka, ƙaramar na lallashinta.

Yau babbar tana koyar da lissafi a wata sakandare. Ƙaramar ta gama a makare, amma ta gama. Ungozoma ce a unguwar Maamobi, kuma mata masu naƙudar fari ita suke roƙo a kira musu.

Abin da na koya shi ne, ko a ciki ɗaya Allah ba ya raba basira iri ɗaya. Wani, littafi yake karantawa, wani kuma mutane. Kuma son yaro ba shi ne ka daidaita tafiyarsa da ta ɗan'uwansa ba. Ka bar kowa ya tafi da saurin da aka halicce shi da shi, kai dai ka tsaya a bayansa.